Radiyeshin a Sashen Hoto: Tambayoyin Ma'aikata da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan asibiti a Katsina da Daura da garuruwan da ke kewaye: masu ɗaukar hoto, nas-nas na tiyata, ɗalibai 'yan koyon aiki, har da masu shara da masu turo marasa lafiya. Wanda ya saurare su da kyau zai lura cewa yawancin tsoron ya tattaru ne a inda babu haɗari, inda haɗarin yake kuwa an saba da shi har ba a ganinsa.

Duk hoton asibiti ne ke da radiyeshin?

A'a. Masu shi su ne eksire na ƙirji da na ƙashi, hoton CT, hoton nono, hoton haƙori, da na'urorin da ke nuna cikin jiki kai tsaye ana cikin aiki, irin C-arm ta tiyata. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki. MRI kuma maganaɗisu ne. Haɗarin ɗakin MRI daban ne: ƙarfe. Almakashi a aljihu ko tukunyar oksijin na iya fizgewa su yi ɓarna, amma ba wanda zai kwaso radiyeshin a can.

To nawa ne iyakar da aka yanka wa ma'aikaci?

Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat, a taƙaice mSv. Iyakar ma'aikaci ita ce mSv 20 a shekara idan aka raba jimillar shekara biyar a jere. Wato mSv 100 cikin shekara biyar, da sharaɗin kada shekara guda ta haura 50. Ido yana da tasa iyakar, ita ma 20 ce a kan wannan lissafi. Fata da hannuwa da ƙafafu 500 a shekara. Wanda ba ma'aikacin radiyeshin ba, kamar mai gadi ko akawu ko maƙwabcin asibiti, mSv 1 kacal aka yarda ya samu a shekara ta dalilin na'urarku.

ICRP, hukumar ƙasa da ƙasa ta kariya daga radiyeshin, ita ce ke ba duniya shawarar waɗannan alƙaluma, hukumar nukiliya ta duniya IAEA ta sa su cikin ƙa'idojinta. A Najeriya mai sa ido ita ce NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya da radiyeshin ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001, ta kuma fitar da manyan ƙa'idojinta a 2003. Wanda ya karanta littattafan Amurka zai ga 50 a shekara. Tsarinsu ke nan, ba namu ba.

Iyakar ba haka take tun fil azal ba. Röntgen ya gano eksire a Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, ranar da masu ɗaukar hoto ke bikinta duk shekara. Mutanen farko da tafin hannunsu suke gwada na'ura. Clarence Dally, mai taimaka wa Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannuwa kafin sankara ta kashe shi a 1904. A 1928 aka kafa kwamitin da ya zama ICRP, daga nan iyakar ta yi ta sauka. A 1990 aka sauko da ita daga 50 zuwa 20. Ta ido kuwa 150 ce har zuwa 2011, lokacin da bincike ya nuna yanar ido na kama mutum da abin da bai kai yadda aka zata ba. Duk littafin da ya girmi wannan shekara tsohon adadin za ka gani a ciki.

Wannan milisibat ɗin ba ya shiga kaina. Da me zan kwatanta shi?

Kowane ɗan Adam na shan radiyeshin daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, ko bai taɓa taka asibiti ba. Matsakaicin duniya kusan mSv 2.4 ne a shekara. Majinyacin da aka yi wa hoton ƙirji ya sha wajen 0.1 ko ƙasa da haka. CT ɗin kai wajen 2 ne, na ciki 8 zuwa 10.

Mai ɗaukar hoton da ke shiga bayan katanga kafin ya danna, galibi ba ya kai mSv 1 a shekara gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ya kamata ka auna kanka da shi, ba 20 ba.

Idan ban kai 20 ba, ai ba ni da matsala ke nan?

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta, har da waɗanda suka daɗe a aiki. Illar radiyeshin kashi biyu ce. Akwai wadda ba ta bayyana sai an haura wani mizani: jan fata da ƙuna sai an sha wajen 2,000 a wuri guda, yanar ido kuma wajen 500 da suka taru. Wannan kashin, muddin kana ƙasa da mizanin, ka tsira.

Kashi na biyu shi ne sankara, ita kuwa ba a san mata wani mizani da za a ce ƙasa da shi babu komai ba. Don haka aka gina kariya a kan cewa kowane ƙari yana ƙara yiwuwarta, komai ƙanƙantarsa. Ƙiyasin ICRP shi ne kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ga kowane mSv 1,000. A yi lissafi: mutumin da ke cike 20 ɗinsa duk shekara har shekara 35 ya tara 700, ya ƙara wa kansa wajen kashi 3 cikin 100 a kan haɗarin da kowa ke da shi. Abokin aikinsa da ke tsayawa a 1 ya tara 35 ne kawai, ƙarin da ba a ma iya ganinsa a ƙididdiga. Dukkansu ba su karya doka ba, amma ba ɗaya suke ba.

Saboda haka 20 ba rabonka ba ne da za ka cinye. Layi ne da idan aka ƙetare shi an shiga laifi. Ƙa'idar aiki ita ce a sauke abin da ma'aikaci ke sha iya yadda hankali da hali za su ɗauka. Idan bajon mai hoton ƙirji da ƙashi, wato ɗan abin da yake maƙalawa a jiki don auna abin da ya sha, ya nuna 6 ko 8 a shekara, bai kamata a ce "ai bai kai ba". Tambaya ya kamata a yi: ina yake tsayawa, wa yake riƙewa, katangar lafiya take?

Bayan an ɗauki hoto, radiyeshin na zama a ɗakin? Masu shara sun ce sai an jira ya huce.

Ba ya zama. Na'urar eksire kamar ƙwan lantarki take: ka danna, haske ya fito, ka saki, ya ɗauke. Ba ya maƙalewa a bango ko gado ko tufafi, ba ya bin majinyaci zuwa gida, kai ma ba ka kai wa iyalinka. Baba mai shara na iya shiga da tsintsiyarsa nan take. Warin da wasu ke ji a tsofaffin sassan hoto na ruwan wanke fim ne. Shi ma yana damun ƙirji da fata, maganinsa taga da fankar fitar da iska da safar hannu.

Inda maganar ta bambanta shi ne sashen da ake yi wa majinyaci allura ko a ba shi maganin da ke fitar da radiyeshin da kansa. A nan majinyacin da fitsarinsa suna fitarwa na wani lokaci. Sinadarin teknishiyam da aka fi amfani da shi a wannan aiki ƙarfinsa na raguwa da rabi duk sa'a 6, ayodin da ake bai wa masu cutar maƙoƙo kuwa sai kwana 8. Wannan sashe na da dokokinsa daban.

Tunda ba ni ake haskawa ba, ta ina nake samu?

Daga jikin majinyaci. Hasken da ya doke shi wani na wucewa ya yi hoto, wani jiki ya shanye, wani ya tarwatsu ko'ina cikin ɗaki. Wannan tarwatsattsen shi ne naka. A nisan mita ɗaya bai fi kusan kashi ɗaya cikin dubu na abin da ya sauka a fatar majinyacin ba. Kaɗan ne, sai dai shi sau ɗaya ya zo, kai kullum kana nan.

Abin da ya fi arha cikin kariya shi ne ja da baya. Idan ka ninka nisa, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ninka sau uku, ɗaya cikin tara. Haka kuma in ka matso daga mita ɗaya zuwa rabin mita, ka ninka wa kanka sau huɗu. Shi ya sa idan aka tura na'urar tafi-da-gidanka zuwa ɗakin kwanciya, mai dannawa zai warware igiyar ya tsaya aƙalla mita 2, sanye da rigar dalma mai tare haske, ya kuma ɗaga murya kafin ya danna don nas da 'yan dubiya su matsa. Tsuke hasken iya wurin da ake buƙata shi ma na rage tarwatsuwa, hoton ma ya fi fitowa. Sai maimaici: duk hoton da aka sake don majinyaci ya motsa ko wuta ta yi rawa lokacin da aka koma janareta, an ninka wa kowa.

Yaro na kuka ya ƙi tsayawa. Wa zai riƙe shi?

Ba ma'aikaci ba. A wani sashen hoto da ba sai an faɗi suna ba, akwai wani dattijo mai turo marasa lafiya da kowa ke yabon haƙurinsa da yara. Da zarar yaro ya fara bori sai ka ji, "Baba, zo ka taimaka mana." Ya zo ya ɗaga hannuwan yaron sama, ƙirjinsa dab da na yaron, yatsunsa har suna fitowa a gefen hoton. Rigar dalma na rataye a ƙusa taku uku daga inda yake. Ba shi da bajo, don a takarda shi ba ma'aikacin radiyeshin ba ne. A duk sashen nan ba wanda ya kai shi sha, kuma ba wanda ke auna shi.

Abin yi shi ne a fara da dabara: jakar yashi, ɗamara, zanen goyo a naɗe yaron. In dole sai an riƙe, a kira babba daga cikin danginsa, uba ko kawu ko gwaggo. Idan mace ce a tambaye ta a keɓe, cikin ladabi, "Hajiya, ko kina da juna biyu?" In akwai ko tana shakka, a nemi wani. A sa wa mai riƙon riga, a nuna masa inda zai tsaya gefe da hanyar haske, ya miƙe hannu ya nisanta jikinsa. Shi yau kaɗai zai yi, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Ni nas ce a tiyata. Ana kawo C-arm lokacin aikin ƙashi, ba a taɓa ce mana komai ba. Muna cikin lissafi?

Sista, kuna ciki tsundum, kun ma fi masu ɗaukar hoto. Su suna da katanga. Ku kuna tsaye kusa da majinyaci, kuma na'urar ba walƙiya ɗaya take yi ba, tana iya ci na daƙiƙu ko mintuna muddin ƙafar likita na kan feda. Ranar da aka kwaso 'yan haɗarin mota daga hanyar Kano ko ta Jibiya aka yi ta sa ƙarfe a cinya da ƙugu, abin da ma'aikatan tiyata za su sha ya fi na mai hoton ƙirji na wata da watanni.

Ga abubuwan da ke kawo bambanci. Kan na'urar da ke fitar da haske ya kasance ƙarƙashin gado, mai karɓar hoton a sama kuma a matso da shi kusa da majinyaci. Dalili shi ne tarwatsuwa ta fi ƙarfi ta gefen da haske ya shiga, to gara ta nufi ƙasa da ta nufi fuska. Idan aka kwantar da na'urar don hoton gefe, ki tsaya ɓangaren mai karɓar hoto. A yi amfani da haske mai ɗaukewa yana dawowa maimakon mai ci ba tsayawa, a kuma duba hoton ƙarshe da ya tsaya a allo maimakon sake taka feda. Likita ya riƙa sanarwa kafin ya taka. Wanda ba hannunsa a cikin aikin ya ja baya taku biyu.

Hannu cikin hasken kai tsaye haramun ne a aikin nan, ko da safar dalma. Na'urar na gane abu mai kauri ya shigo, sai ta ƙara ƙarfi da kanta, a yi asara biyu. Ga wanda wannan ne aikinsa na yau da kullum, abin wuya na dalma da tabarau mai dalma ba ƙawa ba ne. Likitocin da ke aiki kullum da irin wannan na'ura ba tabarau suna iya haura iyakar ido alhali bajon da ke ƙarƙashin rigarsu na nuna lafiya lau.

Rigar dalma na aiki kuwa? Kuma ba ita ce gubar da ta kashe yara a Zamfara ba?

Tana aiki. Kaurin dalmarta milimita 0.25 ne ko 0.35 ko 0.5, kuma tana tare kashi 90 cikin 100 ko fiye na tarwatsattsen haske. Don shi aka yi ta, ba don a tsaya gaban na'ura ba.

Dalmar kuwa ita ce dai wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2010, amma can ƙura ce da yara suka shaƙa suka haɗiya. Ta riga a cakuɗe take da roba, an rufe ta da wani kyalle. Wadda ta yage har cikinta ya fito a janye ta, a kuma riƙa wanke hannu kafin cin abinci.

Abin da ke kashe riga ninkewa ne. A cire ta a jefa kan kujera, wani ya zo ya zauna a kai, dalmar ta tsage a ciki, waje kuwa sumul. A rataye ta a maratayi mai faɗi. Aƙalla sau ɗaya a shekara a shimfiɗa ta a haska a ga ko akwai tsaga, a rubuta kwanan wata a jikinta. Nauyinta na iya kai kilo 5 ko fiye, kuma duk wanda ya sa ta a watan Afrilu a Katsina, ga azumi ga ba wuta, ya san dalilin da ya sa ake ƙin ta. Mai hawa biyu, ta sama da ta ƙugu, ta fi sauƙi a baya. Wadda ta yi wa mutum yawa kuma tana barin hammata a buɗe, abin da ya fi shafar mata.

Mene ne amfanin bajo, tunda ba ya tare komai?

Gaskiya ne ba ya tarewa. Shi shaida ne. Radiyeshin ba a ganinsa, ba a jin ɗuminsa, ba shi da wari, don haka ba bajo ba wanda zai iya cewa ka sha 1 ko 15. Duk alƙaluman da aka zayyana a sama magana ce kawai a wurin da ba a awo.

Wanda aka fi sani shi ne TLD. Wani ɗan ƙanƙanin sinadari ne a ciki da ke adana abin da ya same shi, idan aka gasa shi a na'urar karatu sai ya fitar da haske gwargwadon abin da ya sha. Ana karɓa a kai karatu duk wata ɗaya zuwa uku, a cibiyar da NNRA ta amince da ita.

A maƙala shi a ƙirji ko ƙugu, ƙarƙashin rigar dalma. Masu aikin C-arm da makamantansu ya kamata su sami na biyu a wuya, a wajen riga, don ƙiyasta abin da ido ke samu. In an tashi aiki a ajiye shi a wurin da aka ware, nesa da ɗakin haske, tare da bajon gwaji da ake cire lissafin radiyeshin na yanayi da shi. Kada a bar shi gaban mota rana ta gasa shi, kada a wanke shi cikin riga, kada a ara wa wani. Ranar da kai ne majinyaci za a yi maka hoto, cire shi, domin hoton neman lafiyarka ba ya cikin lissafin aiki.

Akwai hali biyu da ke ɓata wannan tsari. Na farko mai ajiye bajo a durowa ya fito da shi ranar karɓa, sakamako ya zo sifili, kowa ya yi murna. Na biyu mai rataye shi a jikin na'ura da gangan don adadi ya hau a ba shi hutu. Dukansu kansu suka cuta, na biyun ma har da abokan aikinsa, don gobe idan adadi na gaskiya ya fito ba wanda zai yarda. Sakamakon kuma haƙƙinka ne ka gani. Ƙa'idar IAEA ta ce a adana shi har ma'aikaci ya kai shekara 75, kuma kada ya gaza shekara 30 bayan ya bar aikin.

Ina aikin gwamnati da safe, da yamma ina wani asibitin kuɗi. Kowanne da nasa 20?

Jikin ɗaya ne, iyakar ma ɗaya ce. A haɗa na nan da na can. Kowane wuri ya auna ka, kai kuma ka tabbata jami'in da ke kula da kariya daga radiyeshin a asibitinku ya san da duka biyun. Sau da yawa aikin yamman ne ya fi haɗari, saboda ɗakin ya fi ƙanƙanta kuma ba mai dubawa.

Ina da juna biyu. Sai na bar sashen?

Ba dole ba. Abin da ake so ki sanar da shugaban sashe da wuri, a rubuce. Al'ada ta sa mace kan ɓoye ciki har sai ya fito, ga kunya musamman in na fari ne, amma ba wanda zai gyara miki aiki a kan abin da bai sani ba. Kina iya faɗa wa babbar ma'aikaciya mace ta isar, kuma sirrinki ne.

Daga ranar da kika sanar, ana ɗaukar abin da ke cikin kamar kowane mutumin gari: kada ya haura mSv 1 har ki sauka. Mai aiki bayan katanga da wuya ta kusanci wannan. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauke miki C-arm da na'urar tafi-da-gidanka, a ba ki bajo a ƙugu ƙarƙashin riga, a riƙa karanta shi duk wata. Idan kin yi makonni kina aiki kafin ki gane, ki kwantar da hankali: nakasar halitta ba a ganinta ƙasa da wajen 100, kin kuwa yi nesa da nan ƙwarai. Ciki ba hujjar kora ko hana ƙarin girma ba ne. Shayarwa ma eksire ba ya taɓa nono.

An ce aikin nan na hana namiji haihuwa, ko ya sa ya yi ta haifar mata.

Wannan magana ta sa an hana wasu samari aure a banza. Kafin maniyyi ya ragu na ɗan lokaci sai maraina sun sha wajen 100 zuwa 150 a tashi ɗaya. Rashin haihuwa na dindindin sai dubu uku da ɗoriya. Mai ɗaukar hoto da ke samun 1 a shekara ko kusa bai je ba. Ƙarfin namiji ma ba ruwansa da wannan. Batun haihuwar mata zalla kuwa ba wata tabbatacciyar hujja a kai. Wanda haihuwa ta yi masa jinkiri ya je a duba shi da iyalinsa kamar kowa, kada ya ɗora wa na'ura ya zauna.

Madara na wanke radiyeshin? Gwajin jini fa?

Madara abinci ce mai kyau, a sha. Ba abin da take wankewa, don ba abin da ya zauna a jiki. Gwajin jini kuma ba ya nuna komai sai an sha ɗaruruwan milisibat a lokaci guda. Jininka na iya fitowa lafiya kana kan 30 a shekara. Duba lafiyar ma'aikata na da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin bajo.

Ai ana ba mu alawus na haɗari da hutu.

Ku karɓi abin da tsarin aikinku ya ba ku. Sai dai ƙa'idar IAEA ta fito fili cewa kuɗi ko hutu ko rage sa'o'in aiki ba za su zama madadin kariya ba. Asibitin da ke biyan alawus amma ba bajo, riga ɗaya tal kuma a tsage, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Hutun wata guda ba ya goge abin da aka tara a wata goma sha ɗaya.

Za mu buɗe wurin hoto a wani gida da muka kama haya. Bangon bulo ya isa?

Alhaji, kafin a sayi na'ura a nemi masanin fiziks na asibiti da lasisin NNRA. Bulon siminti mai rami da ake gini da shi a nan ba a dogara da shi, domin haske na bi ta ramukan. Ko a cike shi da kankare, ko a yi shafe da siminti mai sinadarin barayit, ko a sa fallen dalma, wanda a ɗakin eksire na yau da kullum yakan kai milimita 2. Kaurin da ake buƙata ya danganta da yawan aiki, da inda na'urar ke fuskanta, da wanda ke bayan bangon. Bangon da ake jingina allon hoton ƙirji shi ya fi shan haske. Idan bayansa shagon tela ne da ke zaune daga safe har magariba, ko ɗakin kwanan maƙwabta, mSv 1 ɗin nan tasu ce, kuma ba su san ana yi ba.

Inda aka fi yin sake shi ne ƙofa da taga. A zuba kuɗi a bango, a sa ƙofar katako. Ƙofa na son dalma har da gefunanta, tagar da mai ɗauka ke leƙe gilashi mai dalma, tagar iska kuma can sama da tsayin mutum. A sa jar fitila da alamar gargaɗi a ƙofa, da rubutun Hausa da ajami ga masu juna biyu. Bayan an gama a zo da na'urar awo a zagaye ɗakin ana haskawa. Mai ɗaukar hoton kuma ya zama mai rajista da RRBN, hukumar da ke yi wa masu ɗaukar hoton asibiti rajista a Najeriya, ba yaron da ya koyi danna maɓalli ba.

Ɗalibai fa?

Wanda ya kai 18 iyakarsa irin ta ma'aikaci ce, kuma a ba shi bajo tun ranar farko, ko daga Jami'ar Bayero ya zo ko daga Usmanu Ɗanfodiyo. Mai 16 zuwa 18 da ke koyon aiki mSv 6 ne a shekara. Ƙasa da 16 ba ya wannan aiki sam. Kuma ɗalibi ba shi ne mai riƙe yara ba don kawai ba ya iya cewa a'a.

Bajona ya nuna adadi mai yawa. Me zan yi?

Kai wa jami'in kariya na asibitinku, wanda dole kowane mai lasisi ya naɗa. Ba a jira sai an kai 20. Wurare da yawa na sa matakin bincike a wajen 0.5 a wata ga bajon ƙarƙashin riga. Za a tambaye ka inda bajon ya kwana, ko ya faɗi a ɗakin haske, ko ka sa shi a waje maimakon ciki, ko aikinka ya canza a watan. A duba rigar da kake sawa, a auna bayan katangar, a duba ko kan na'urar na yoyo, a kwatanta da bajon abokan aikinka. Idan naka kaɗai ya hau, a duba yadda kake aiki. Idan na kowa ne, ɗakin ne ko na'urar.

In har an haura iyaka da gaske, wajibi ne asibiti ya sanar da NNRA, likita ya duba ka, a kuma gyara maka aiki yadda jimillar shekara biyar ba za ta wuce 100 ba. Ka nemi kwafin rahoton binciken ka ajiye a fayil ɗinka, ka tafi da shi duk inda aka yi maka canjin wurin aiki.